Wace manhaja zan tsara kicin ɗina da ita kafin a yi filasta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna gini a Kaduna, an yi rufi, saura filasta da tayil. Kicin ɗin mita 3.6 ne a tsawo, mita 3 a faɗi, da taga ɗaya da ƙofa biyu, ɗaya ta falo ɗaya ta tsakar gida. Kafinta ya turo min hotuna masu kyau ta WhatsApp ya ce in zaɓa, ɗana kuma ya ce akwai manhajojin da zan tsara abina da kaina. Wacce ta fi, kuma za a iya dogara da abin da ta nuna?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa a gama lafiya, a shiga a sa'a. Idan akwai kwamfuta a gidan, ki sa a sauke Sweet Home 3D. Kyauta ce, kuma da zarar ta sauka ba ta neman data. Idan yaron naki mai son koyo ne kuma yana da haƙuri, SketchUp ta fi ta nisa. Amma kafin ki zaɓi ko ɗaya cikin hotunan kafinta, ki fara dakatar da mai filasta. Yanzu ne lokacin da gyara ba ya cin kuɗi, domin bututun ruwa da wayar wuta duk a cikin bulo za a binne su, kuma inda aka binne su shi zai yi wa kicin ɗin hukunci, ko kin so ko ba ki so ba.

Hotunan da ya turo, yawancinsu ba kicin na gaske ba ne, kwamfuta ce ta zana su, wasu ma ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa. Ba laifi ba ne a kalle su don zaɓen launi ko fasalin murfin kabad. Abin da ba su da shi shi ne awo. Kuma ana buɗe idon kyamarar sosai lokacin fitar da irin wannan hoto, sai ɗaki mai mita 3 ya yi kama da falo. Duk wata manhajar zane tana iya wannan, har waɗanda zan ba ki shawara a kansu. Hoto mai sheƙi na mai gida ne, don ya ji daɗi ya biya. Abin da kafinta da mai famfo da mai wayarin za su yi aiki da shi wani abu ne daban: zane fari da baƙi mai ɗauke da lambobi. Manhajar da ba za ta ba ki wannan ba, wasa ce.

To kafin a kunna kwamfuta, awo. A nan ne zan fi daɗewa, don a nan kuɗi ke zuba.

Mita 3.6 ɗin da kika faɗa daga bulo ne zuwa bulo. Filasta za ta ci kamar milimita 15 a kowane bango, tayil da simintinsa su ci kusan wani 15 ɗin. Bango biyu ke nan, an tafi da milimita 60. Abin da ya rage miki 3540 ne, ba 3600 ba. Wanda ya shigar da 3600 a manhaja zai ga kabad shida masu faɗin 600 sun zauna cif, ya yi murna, ran da aka kawo su kuma na shidan ya tsaya a tsakar gida. Da 3540 za ki ga gaskiya tun a fuskar kwamfuta: biyar masu 600, ɗaya mai 500, sai a cike ragowar milimita 40 da siririn katako a gefe. Wannan cikon ma alheri ne, shi ke hana hannun durowa gogar bango ko katakon ƙofa.

Kowane bango a auna shi sau uku, ƙasa da tsakiya da sama, a ɗauki mafi ƙanƙanta. Sannan a ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. Idan lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, ɗakin ya karkace, kuma da wuya ki sami ginin bulo da bai ɗan karkace ba. Manhaja kuwa kowace kusurwa daidai take zana ta, sai in an gaya mata akasin haka. Ana iya gwada kusurwa da tsohuwar dabarar magina: a auna santimita 90 a jikin bango ɗaya, 120 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu ya kamata ya ba da 150 cif. A auna tagar ma, faɗinta da nisanta daga kowace kusurwa da tsayinta daga ƙasa, a kuma rubuta ta ina kowace ƙofa za ta buɗe.

Ƙasan da kike takawa yanzu ba shi ne ƙasan kicin ba. Za a zuba siminti a ɗora tayil, ya tashi da santimita 4 ko 5, wani lokaci fiye. Ki sa magini ya yanke shawara yau inda saman tayil zai tsaya, ya hau mita 1 daga nan, ya ja layi ya zagaye ɗakin da shi. Daga wannan layin kowa zai riƙa awo. Idan babu shi, mai wayarin zai auna daga ƙasan yau, mai tayil ya zo ya ɗaga ƙasa, a wayi gari soket ya faɗa bayan kanta, wato teburin aikin kicin da ke kan kabad na ƙasa.

Akwai manhajojin waya irin su magicplan da ke auna ɗaki da kyamara, kuma wayoyin iPhone samfurin Pro tun daga 12 Pro na shekarar 2020 suna da na'urar LiDAR da ke sa awon ya fi kusa da daidai. Suna da amfani wajen samun siffar ɗaki cikin minti kaɗan. Amma kuskuren santimita 1 ko 2 ba komai ba ne a wurinsu, a wurin kabad kuwa shi ne komai. Tef na ƙarfe ya wadatar. Wanda ke da ƙaramar na'urar awo mai hasken leza, irin ta Bosch ko Leica, ya fi sauri, kuma kuskurenta ba ya wuce milimita 2 zuwa 3.

Abu ɗaya kuma da ke haddasa rigima tsakanin mai gida da kafinta: ma'auni biyu a aiki ɗaya. Kafintocinmu da inci suka saba, manhaja kuma an saita ta a milimita. Kafinta zai ga 600 ya ce ai ƙafa biyu ke nan. Ƙafa biyu milimita 610 ce. Kabad shida a haka sun kusa 3660. Ku zaɓi ɗaya tun farko, ni milimita nake so, tef ɗinsa yana da ita a ɗaya gefen.

Yanzu manhajojin. Sweet Home 3D daga Faransa ta fito, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Fuskarta a rabe take: a sama kina zana bango kamar taswira, a ƙasa kina ganin ɗakin yana tashi. Idan kina da zanen gidan a takarda, ana ɗaukar hotonsa a sa a ƙarƙashi a bi layinsa, amma lambobin da kika auna da tef su za a rubuta, ba na takarda ba, don magini ba kullum yake bin takarda ba. Ana jawo kabad ko firij daga jerin kayanta a canza masa faɗi da zurfi da tsayi. Abin da na fi so a cikinta shi ne ana iya shiga ɗakin kamar mutum yana tafiya, a saita tsayin idonsa. A saita shi a tsayinki, ba na yaron ba, ki duba ko za ki ga abin da ke kan shiryayye na biyu. Tana kuma karɓar wurin da gidan yake a duniya da inda arewa take, ta nuna yadda rana za ta faɗo ta taga. Idan yamma tagar take kallo, ki duba ƙarfe huɗu na yamma kafin ki ajiye firij a gabanta.

SketchUp tun shekarar 2000 take, Google ya saye ta a 2006, kamfanin Trimble ya karɓa a 2012. Ita ba jawo kaya kawai ake yi ba, ana gina kowane fallen katako da kansa, shi ya sa masu aikin katako suke sonta. Akwai ta kyauta da ke aiki a intanet, don amfanin kai ba na kasuwanci ba, sai dai tana shan data kuma ba ta karɓar ƙarin kayan aikin da ake ɗora wa ta kan kwamfuta, wadda ake biya. Tana da rumbun kaya mai suna 3D Warehouse, inda mutane ke zuba zanen firij da murhu da sauransu. A yi hattara da shi, wani firij ɗin an zana shi da girman da babu irinsa a kasuwa.

Planner 5D da Homestyler da ire-irensu suna aiki a waya, suna da daɗin wasa, suna ba da hoto mai kyau, da yawa cikin abubuwansu kuma sai an biya. Don gwada launi ba laifi. Manhajar tsara kicin ta kamfanin kayan ɗaki na IKEA tana da sauƙi ƙwarai, amma kabad ɗin kamfanin kawai ta sani, irin masu faɗin santimita 40 da 60 da 80, kuma IKEA ba ta da shago a Najeriya, don haka lissafin kuɗin da za ta ba ki ba naki ba ne. AutoCAD da Revit na masu zanen gine-gine ne, ba ki da buƙatar su don ɗaki ɗaya. Idan wani ya ce zai sa wa yaron ta sata a kwamfuta, ya bari, sau da yawa da cutar kwamfuta take zuwa.

Akwai wani abu da duk waɗannan manhajoji suka gada, kuma ya kamata ki san shi don kada ya ja ki. Kicin mai kabad a jere da muke gani yau asalinsa Jamus ne. A 1926 wata mai zanen gini 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt wani ɗan kicin mai faɗin mita 1.9 da tsawon 3.4, bayan an ƙirga takun mace da motsin hannunta a wurin girki. Daga baya, a shekarun 1940, masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka fito da ƙa'idar kusurwa uku: murhu da wurin wanke-wanke da firij, kowane tsakani kada ya gaza mita 1.2 kada ya wuce 2.7. Ƙa'ida ce mai kyau, ina amfani da ita. Amma an gina ta ne a kan mace ɗaya, tana girki a tsaye, ga iyali kaɗan, da wutar da ba ta ɗaukewa, da cefanen kwana biyu ko uku. Ki duba gidanki ki gani ko haka yake.

A jerin kayan manhaja ba za ki sami turmi ba. Babu buhun shinkafa mai kilo 50, babu jarkar mai ta lita 25, babu tukunyar suna, babu kujerar tsugunno, babu babbar roba ta tara ruwa. Abin da ba ya cikin jerin kuwa mantawa ake yi da shi, sai an tare a ga buhu a bakin ƙofa ana tsallake shi. Maganin abin mai sauƙi ne. Ki bi kicin ɗin da kike ciki yanzu da tef, ki auna duk wani babban abu da za ki tafi da shi. A manhaja a zana akwati mai wannan girman, a rubuta sunansa a jiki, a nema masa wuri kamar yadda ake nema wa firij. Ba sai ya yi kama da buhu ba, girmansa ake so.

Ɗauki tuƙin tuwo. Kanta a manhaja santimita 90 take zuwa. Ki ɗora murhun gas na kan tebur, ya ƙara kamar 10. Ki ɗora tukunya mai tsayin 25 ko 30. Bakin tukunyar ya kai 125 zuwa 130 daga ƙasa, wato kusan kafaɗar mace mai matsakaicin tsayi. Yanzu ki riƙe muciya ki tuƙa tuwon mutum goma a wannan tsayin. Ba ya yiwuwa, shi ya sa za ki ga an kashe kuɗi an yi kicin na gani na faɗa, amma uwargida ta sauke murhu ƙasa tana tuƙi a tsugune a gaban kabad. A zane sai a sauke wani yanki na kantar, faɗin kamar santimita 80 zuwa 90, ya dawo tsayin 55 ko 60, na kankare da tayil, don babbar tukunya. Ko a bar fili a ƙasa kusa da ƙofar tsakar gida don murhu mai ƙafa. Sauran kantar ta yanke-yanke kuma ga yadda ake samun tsayinta: ki tsaya da takalmin da kike girki da shi, ki lanƙwasa hannu, a auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunki, a cire santimita 10 zuwa 15.

Daka kuma ba na kan tayil ba ne, zai fasa shi, musamman inda simintin ƙasa bai cika ba. Tunda kina da ƙofar tsakar gida, ki ɗauki wajen a matsayin rabin kicin ɗin, ki zana shi tare: dandamalin kankare na turmi, rumfa, wurin murhun gawayi, famfo a ƙasa don wanke manyan tukwane da ba za su shiga sinki ba. Hanya daga wannan ƙofar zuwa murhu kada wani abu ya tare ta.

Da faɗin mita 3, ga abin da lissafi ke cewa. Bayan filasta da tayil kina da kamar milimita 2940. Kanta a bango biyu masu kallon juna, kowace 600, ta bar miki 1740 a tsakiya. Ya isa mutum biyu ko uku su yi aiki ba gogayya, don abin da ake nema ga mai girki fiye da ɗaya shi ne kamar 1200. Amma teburin tsakiya irin na hotunan nan ba zai shiga ba. Ko mai faɗin 600 kika sa, abin da zai rage a kowane gefe 570 ne, murfin kabad kaɗai ya cinye shi. Na san shi ne abin da ya fi ɗaukar ido a hotunan, amma a ɗakin nan a haƙura da shi.

A manhaja ki buɗe komai ki gani. Ƙofar firij tana son ta wuce rabin buɗewa kafin akwatunan cikinta su fito, don haka kada a manna shi da bango ta gefen da take juyawa, kuma a bar masa sarari a baya da sama ya sha iska. Firiza ta kwance sama take buɗewa, kabad ɗin bango a kanta zai hana murfin tashi. A kusurwa, durowa biyu da ke fuskantar juna hannayensu na karo idan ba a bar ciko ba. Ƙofar falo idan ciki take buɗewa, ki duba me take bugu.

Tukunyar gas kuma, manhaja za ta bar ki ki sa ta cikin kabad ki rufe, ba za ta ce uffan ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru. Wurinta waje, a cikin keji mai shan iska, a inuwa, a ratso bango da bututun da aka yi don gas. Ramin wannan bututun yanzu ake barinsa, kafin filasta. Haka ramin fankar zuƙe hayaƙi: wadda ba ta fitar da hayaƙin waje, tace shi kawai take yi ta dawo da shi, kuma suyar manja ta fi ƙarfinta. Tsakaninta da murhun gas a bar santimita 65 zuwa 75, a duba takardar da ta zo da ita.

Idan tsarin ya kwanta miki a kwamfuta, kada ki amince tukuna. Ki je wurin ginin da alli ko gawayi, a zana kantocin a ƙasa da girmansu na gaskiya. A jera bulo a inda murhu zai zauna har tsayin da aka zaɓa, a ɗora katako, ki zo da tukunyarki da muciya ki gwada. Ki taka daga inda firij zai tsaya zuwa sinki zuwa murhu kamar kina haɗa miya, wadda ke taya ki aiki ita ma ta shigo ku gani ko kuna karo. Gani ya kori ji. Abin da kuka canza a nan a koma a gyara shi a manhaja a ranar, kafin a manta.

Daga nan sai takardun aiki. Na farko taswirar ɗakin daga sama da dukkan lambobinta. Na biyu, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa, zanen fuskar kowane bango shi kaɗai, kamar kin tsaya kina kallonsa: ga kabad na ƙasa, ga na sama, ga taga, ga kowane soket da bakin kowane bututu, da nisansa daga kusurwa da tsayinsa daga saman tayil. SketchUp tana fitar da wannan kai tsaye. Sweet Home 3D ta fi ƙarfi a taswira, don haka idan ita aka yi amfani da ita, a zana fuskar bangon da hannu a takarda mai layi, a kwafe lambobin. Ba abin kunya ba ne, lambar ce ke aiki. Soket na saman kanta ya zauna kamar santimita 110 daga ƙasa, ya nisanci sinki da murhu da aƙalla 30, in da hali 60. Ki ƙirga abin da kike jonawa, bilenda da butar lantarki da sauransu, ki ƙara biyu. Firij da firiza kowanne da nasa, a inda hannu zai kai ba sai an jawo su ba. Idan akwai niyyar sola ko inbata, yanzu za a ware layin firij da na fitila daga layin abubuwa masu jan wuta da yawa. Bututun ruwan datti ya fito a cikin kabad ɗin sinki, ba bayan durowa ba, kuma ya sami gangara kamar santimita 2 a kowace mita har zuwa waje. Sinkin da ya yi nisa da bangon waje, toshewa zai riƙa yi da maiƙo.

Na uku jerin yanka, na kafinta. A nan ne kwamfuta take mayar miki da kuɗinki. Fallen katakon kabad, MDF ne ko HDF ko filawud, yawanci milimita 1220 ne a 2440. Gefen kabad na ƙasa a ce 720 ne a tsayi, 560 a zurfi. Falle ɗaya zai ba da guda shida, biyu a faɗi uku a tsawo. Idan wani ya ce a ƙara zurfin ya zama 620 don kabad ya ci kaya, biyu ba za su ƙara shiga faɗin fallen ba, ko ta ina aka juya guda uku za a samu. Ƙarin santimita 6 ya ninka katakon gefuna. Da ido ba a ganin wannan, amma manhajar CutList Optimizer, wadda ke aiki a intanet da waya, za ta nuna shi nan take: a rubuta mata girman falle da girman kowane yanki da adadinsa, ta jera su yadda asara za ta yi kaɗan, ta faɗi falle nawa za a saya. A gaya mata kaurin bakin zarto, milimita 3 zuwa 4, da inda zanen katakon ya dosa idan mai zane ne. Masu SketchUp ta kan kwamfuta suna da OpenCutList, kyauta, tana ciro jerin daga zanen da kanta. Da wannan takardar a hannu, idan kafinta ya ce falle ashirin, kina da abin da za ki tambaye shi a kai cikin mutunci.

A tabbatar da kaurin katakon kafin a fitar da jerin. Kabad mai faɗin 600 da katako mai kaurin 18, gindinsa 564 ne. Idan abin da aka samu a kasuwa 15 ne, ya koma 570. A sayi katakon, ko a auna wanda za a saya, sannan a buga lambobi. Kabad ɗin sinki kuma ni ba na yi da MDF, ruwa kaɗan ke kumbura shi. Filawud mai jure ruwa, ko kantar kankare a sa mata murfi kawai, wadda a gidan da ake wanke ƙasa da bokiti kuma ake fama da gara ta fi kwanciyar hankali. Ko da katako za a yi, a ɗora shi kan dakalin siminti mai tsayin santimita 10. Duk wannan manhaja ba ta san shi ba, a wurinta fari fari ne. Haka ba za ta gaya miki cewa murfi mai sheƙi da shiryayye marar murfi aiki ne a lokacin hunturu ba, ko cewa marmara tana cin tabon lemun tsami da tumatir da manja, inda dutsen giranit ya fi haƙuri.

Wajen tura takardun, a mayar da su PDF a tura a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse hoto har 3 ta koma kamar 8. A rubuta kwanan wata a kan kowane zane, idan an canza wani abu a ce wa kowa ya goge na baya. A buga kwafi a sa a leda a manna a bangon kicin ɗin, don mai aikin da hannunsa ke cikin siminti ba zai tsaya buɗe waya ba. Ki tara kafinta da mai famfo da mai wayarin rana ɗaya a cikin ɗakin, a bi zanen bango bango, a sa alamar kowane soket da bututu a jikin bulo da fenti. Idan sun gama binne nasu, a ɗauki hoton kowane bango da tef a miƙe a jiki kafin filasta ta rufe, saboda ranar da za a huda bango a rataya kabad na sama.

Kafinta zai iya fara lissafi da zanen yanzu, amma kada ya yanka falle ko ɗaya sai an gama tayil ya dawo ya sake awo da kansa, an gyara lambobin a manhaja. Mai dutsen kanta shi ne na ƙarshe, sai kabad sun zauna daram zai zo ya auna a kansu, kuma sinki da murhun da za a nutsa a ciki su kasance an saye su suna wurin, ya auna ramin a jikinsu.